Wa zai taya tsohon doki zama: doki, kuru, jaki ko akuya?

Duk wanda ya taɓa riƙe dawaki biyu a karkara, suka shekara goma ko fiye suna kiwo a fili ɗaya, ya san ranar da ake gudu. Ɗaya ya mutu ko an rabu da shi, wanda ya rage kuma ya haura shekara 20. Kwana biyun farko zai yi ta haniniya yana safa da marwa a bakin shinge, har kofatonsa ya tsaga 'yar hanya a ƙasa. Daga nan sai ya yi shiru. Mutane kan ce ya haƙura. Ni kuwa shirun nan ya fi haniniyar tayar mini da hankali, domin a lokacin ne ramar ke farawa, kuma tsohon doki in ya zube da wuya ya koma yadda yake.

To, me za a kawo masa? Kafin a jera masu neman gurbin, akwai abu biyu game da jikin tsohon doki da za a riƙe, don da su ne za a auna kowa.

Na farko barci. Doki na gyangyaɗi a tsaye, saboda akwai jijiyoyi a ƙafafunsa masu kulle gaɓoɓi, ya runtsa bai faɗi ba. Amma barci mai nauyi, wanda tsokar jiki ke saki gaba ɗaya a cikinsa, ba ya yiwuwa sai a kwance. Abin da yake bukata na irin wannan barci bai taka kara ya karya ba, kamar rabin awa zuwa awa guda a kwana. Sai dai doki asalinsa abin farauta ne, ba ya kai haƙarƙarinsa ƙasa sai ya amince da wurin. A cikin garke, idan wasu sun kwanta za ka tarar da ɗaya a tsaye yana gadi. Wanda yake shi kaɗai ba shi da mai yi masa wannan gadin, tsoho kuma ga ciwon gaɓoɓi, ya san in ya kwanta miƙewa za ta yi masa wuya. Idan aka kwashe makonni a haka, barci kan sace shi a tsaye, ƙafafun gaba su lanƙwashe ya durƙushe. Ƙujewar da ake gani da safe a gwiwarsa ko a gaban wuyan ƙafarsa, wadda aka rasa inda ya samo ta, sau da yawa daga nan take.

Na biyu ci. Haƙoran taunar doki suna ƙara fitowa kimanin milimita 2 zuwa 3 kowace shekara don cike abin da ciyawa ta goge, amma tsawonsu na da iyaka. Idan ya doshi shekara 25 zuwa 30 sai su fara ƙarewa, wasu su yi girgiɗi, wasu su fita. Za ka ga curi-curin ciyawa a ƙasa, ya tauna rabi ya zubar. Irin wannan doki sai da jiƙaƙƙen abinci mai laushi, kuma abin da matashi zai share cikin ɗan lokaci shi sai ya ɗauki awa yana lallaɓawa. Abokin da zai ture shi daga kwami ya cinye rabonsa, ko da ba ya cizo ba ya shuri, yunwa yake kawo masa.

Saboda haka tambayar da nake yi wa kowace dabba ita ce: in tana nan, tsohon zai kwanta? Kuma zai gama abincinsa?

Doki ɗan'uwansa

Babu abin da ya kamo ƙafar wani dokin. Harshensu ɗaya: kunne ya ɗan karkata, wutsiya ta motsa, an fahimci juna ba sai an kai ga faɗa ba. Da zafin rana sukan tsaya kai da gindi, kowa na kore wa ɗan'uwansa ƙuda daga fuska da wutsiya. Sukan kuma yi wa juna susa da haƙora a gindin wuya, inda geza ta ƙare. A 1993 masu bincike a Faransa, da suka yi aiki da dawakin yankin Kamarg, sun nuna cewa susa a daidai wannan wuri tana rage bugun zuciyar doki. Ƙasar Suwizalan ma tun 2008 ta sa a doka cewa dole doki ya kasance inda zai ga ɗan'uwansa, ya ji muryarsa, ya shaƙi ƙanshinsa. Akuya komai kirkinta ba za ta yi masa susar nan ba, ba kuma za ta yi masa gadin da zai yarda da shi kamar na doki ba.

Amma ba kowane doki ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kawo dukushi, a ce zai sa tsohon ya riƙa motsi, shi kuma ya koya masa ladabi. Dukushi wasa yake so, wasan dawaki kuwa cizo ne da ɗare baya da kora. Tsohon da gwiwa ke damunsa zai yini yana kare kansa, ga tsoron kwanciya kada a taka shi. Ingarma ma a cire shi daga lissafi. Abin nema shi ne goɗiya ko dandaƙaƙƙen doki da ya mallaki hankalinsa, daga shekara 15 zuwa sama, wanda aka san ba shi da zafin kai a wurin ci. Hali ya fi jinsi muhimmanci a nan, sai hali ya zo ɗaya ake abota. Wanda ya yi ritaya daga aiki saboda ɗingishi marar tsanani ya dace ƙwarai, don takunsu zai zo ɗaya, babu mai barin wani a baya.

Ɗawainiyar riƙe doki na biyu kuwa a fili take. Baki ya zama biyu: doki na cin kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa a busasshen abinci kullum, ya sha ruwa lita 25 zuwa 50 gwargwadon zafi. Yankan kofato biyu, duba haƙori biyu, rigakafi biyu. In shi ma tsoho ne, to jinya biyu ce ke tafe. Wannan ya sa nake ganin bai zama dole a saya ba. Akwai masu tsohon doki da ke neman inda za su ajiye shi, a yi yarjejeniya su ɗauki nauyin abincinsa da magani, kai ka ba da fili da ido. A Birtaniya ƙungiyoyin ceton dawaki irin su World Horse Welfare suna ba da aron dawakin da ba a hawa don zaman abota kawai, dokin na nan a matsayin nasu, in hali ya canza su karɓe shi. Wannan tsari na da kyau, domin ya amsa tambayar da kowa ke kauce wa: idan tsohon ya riga mu gidan gaskiya, ina za a kai abokin?

Wani kuma kan ce to a kai tsohon cikin babban garke mana. A nan zan ce a yi hattara. Doki na sauka a matsayi yayin da yake tsufa, wanda da shi ke korar kowa yanzu shi ake kora daga inuwa da ruwa. Aboki ɗaya ko biyu masu sanyin hali sun fi masa garken goma.

Kuru

Kuru doki ne a ƙaramin jiki, don haka duk abin da na faɗa na harshe da susa da gadi ya shafe shi. Irin na tsibiran Shetland da ke Birtaniya, wanda tsayinsa ba ya wuce santimita 107, abin da zai ci bai kai rabin na babban doki ba. Ga mai ƙaramin fili wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Matsalarsa a ciki take. Kuru ya samo asali ne daga wuraren da ciyawa ba ta da yawa, jikinsa ya iya tara kitse daga abu kaɗan. Ka sake shi a ɗanyar ciyawa mai kyau, irin wadda tsohon da ya rame ke bukata, sai ya yi ƙiba, ƙibar kuma ta jawo masa kumburin cikin kofato, ciwon da ke sa doki ya kasa taka ƙasa, wani lokaci har ƙashin cikin kofaton ya juya. Ke nan abin da ke gina ɗaya shi ke rushe ɗayan. Ana iya sa masa takunkumin kiwo mai ɗan rami a ƙasa, ana iya raba su wasu awoyi, amma aiki ne na kullum ba hutu, kuma kuru gwani ne wajen cire takunkumi da bi ta ƙarƙashin shinge. Kada kuma ƙanƙantarsa ta ruɗe ka, sau da yawa shi ke juya babban doki yadda ya so.

Akwai halin da kuru ke zama zaɓi na ɗaya. Kusan doki ɗaya cikin biyar da suka haura shekara 15 na kamuwa da wata cuta ta ƙullin da ke gindin ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira Kushin. Alamarta gashi ya yi tsawo ya ƙi zuba, ga yawan shan ruwa da fitsari, ga saurin kamuwa da kumburin kofaton nan. Dokin da ke da ita shi ma dole a taƙaita masa ɗanyar ciyawa. In tsohonka irin wannan ne, shi da kuru abincinsu ɗaya, filinsu ɗaya, an huta da rabe-rabe.

Jaki

Jaki ne mutane suka fi saurin tunawa, kuma da dalili. Ba shi da garaje, ba ya wasan banza, ba ya firgita ya zabura, natsuwarsa kuma takan sauka a kan dokin da ke tare da shi. Akwai doki da jaki da suka shaƙu har ba a raba su. Sai dai kama da wane ba ta wane.

Asalin jaki busassun wurare ne na arewa maso gabashin Afirka. Cikinsa ya fi na doki iya tatsar amfani daga kara da tattaka, saboda haka matsalar ƙiba da kofato da muka gani a kuru tana nan, har ta fi. Gashinsa ba ya tare ruwa kamar na doki, don haka inda ake yawan ruwa da sanyi dole a yi masa rumfa mai kyau, kuma a tabbata dokin ba ya hana shi shiga. Akwai wata tsutsar huhu da jaki kan ɗauka ba tare da ta nuna a jikinsa ba, amma in ta shiga doki sai ya yi ta tari. Wannan ba abin da zai hana haɗa su ba ne, a dai gwada kashin jakin kafin ya shigo, a ba shi magani bisa shawarar likitan dabbobi. In namiji ne a dandaƙe shi, musamman in tsohuwar goɗiya ce za a haɗa su.

Abin da ya fi damuna game da jaki shi ne shi kansa. Binciken da aka yi a Ingila kan garken da ya haɗa kuru da alfadarai da jakuna ya nuna kowane ya fi kusantar jinsinsa, jakuna kuma su ne a ƙasa wajen matsayi. Wato jaki da za a tambaye shi, jaki zai zaɓa. In kuma ya rasa ya ɗora zuciyarsa a kan doki, to ya ɗora ke nan. Jaki kan kai shekara 30, wasu har 40. Ranar da tsohon dokin ya mutu, jakin na iya daina ci, shi kuwa jaki in ya daina ci kitse kan malalo cikin jininsa ya lalata hanta, cutar da ke kisa cikin 'yan kwanaki. An magance kaɗaicin wani an ƙulla na wani. Wanda zai bi wannan hanya, in fili da hali sun ba shi dama, ya kawo jaki biyu. Alfadari na tsakiya a komai, wasu kan manne wa goɗiya sosai, amma yana da ƙarfi da wayo, sai an san halinsa tukuna.

Akuya da sauran masu tuƙa

Al'adar ajiye akuya a bargar dokin tsere don ta kwantar masa da hankali tsohuwa ce, kuma tana yi wa wasu dawakin aiki. Ba duka ba. Shahararren dokin tseren Amurka na shekarun 1930, Seabiscuit, da aka sa masa akuya a barga, ɗaga ta ya yi da haƙora ya jefo waje. Bai natsu ba sai da aka kawo masa wani doki mai sanyin hali mai suna Pumpkin, wanda suka zauna tare har ƙarshe.

Akuya na da sauƙin ci da sauƙin ɗauka, tana cin ganyaye da sabarar da doki ke tsallakewa, kuma galibin tsutsar cikinta ba ta rayuwa a cikin doki, nasa ma ba ya rayuwa a cikinta, don haka kiwonsu tare na rage tsutsa a fili. Shekarunta 10 zuwa 15 ne, ba za ta bar ka da amanar shekara 30 ba. Amma shingen da zai tsare doki wasa ne a wurin akuya. Takan tauna wutsiyar doki har ta gutsure, ta bar shi ba abin korar ƙuda. Mai ƙaho na iya tsone masa ido ko ta soke shi a ciki in suna tunkuɗar juna a kwami, bunsuru kuwa ga wari ga tsokana, taure ko mace marar ƙaho sun fi. Jiƙaƙƙen abincin tsohon kuma in ta samu za ta ɗura har cikinta ya kumbura, hatsi da yawa na kashe akuya.

Ga gargaɗin da ba na so a tsallake. Abincin kanti da ake haɗa wa shanu da awaki da kaji sau da yawa na ɗauke da wani magani mai suna monensin. A wurinsu amfani ne, a wurin doki guba ce mai lalata tsokar zuciya: miligiram 2 zuwa 3 kan kowane kilo na nauyinsa kan kashe, kuma babu makari. Duk gidan da ke da doki da masu tuƙa, a karanta abin da aka rubuta a jikin buhu, a kulle rumbu. Tunkiya kuma akasin haka ne, sinadarin jan ƙarfe da ake sa wa a abincin doki da gishirin lasarsa kan taru a hantarta har ya kashe ta. Bayan haka tumaki junansu suke bi, doki a wurinsu maƙwabci ne kawai. Shanu ma haka, ga ƙaho ga ƙuda.

Hukuncina kan akuya shi ne, da babu gara ba daɗi. Tana rage kewa, tana sa tsohon ya ɗaga kai ya bi wani abu da ido. Amma ita ma 'yar garke ce, don haka biyu za a kawo, in an kawo biyu kuma sukan koma harkarsu su bar shi.

Kare da kyanwa da kaji ba sa shiga wannan lissafi, kare ma in mai kora ne cutarwa yake. Madubin roba a barga, kamar yadda wani bincike na jami'ar Linkon a Ingila ya nuna a 2002, yana rage wa doki ɗabi'ar nan ta rangaji a bakin ƙofa, amma madubi ba ya susa ba ya gadi. Kai kanka mai dokin, ko ka ba shi awa biyu kullum kana shafa shi kana masa magana, sauran awa 22 fa? Akwai dai wata hanya da ake mantawa: dokin maƙwabci. In filayenku sun haɗa iyaka, a gyara shingen ya zama marar ƙaya, a sa ruwa da inuwa kusa da shi ta ɓangarorin biyu. Tsohon da ya yi rauni sosai, wanda shuri ɗaya zai iya kayar da shi, wannan ya fi masa zama fili ɗaya da kowa. Ɗauke shi a kai shi wani gida mai dawaki kuwa, ina ajiye shi a ƙarshe, musamman ga wanda idonsa ya yi rauni, don ya haddace filinsa taku-taku, ya san inda rami yake da inda ruwa yake. Makahon doki a bar shi a inda ya sani, a kawo masa aboki ɗaya tak mai haƙuri, a rataya wa abokin 'yar ƙararrawa a wuya.

Ranar haɗuwa

Duk wanda aka zaɓa, yadda aka shigo da shi na iya ɓata komai. Baƙon doki ko jaki a killace shi mako biyu zuwa uku nesa da tsohon, bokitinsa daban, saboda cututtukan numfashi masu yaɗuwa, tsoho kuma garkuwar jikinsa ta yi rauni. Bayan nan su yi kwanaki da shinge a tsakaninsu, su shinshini juna, su yi 'yar kururuwarsu da buga ƙafa. Idan ka ga sun fara kiwo kusa da juna ko suna gyangyaɗi kowa a ɓangarensa, lokaci ya yi. A haɗa su da safe don a samu yini guda ana kallo, a fili mai faɗi marar lungun da za a ritsa wani, ƙasa ba santsi, in baƙon na da takalmin ƙarfe a ƙafafun baya a cire. Tarin ciyawa ya fi yawan dabbobin da ɗaya, a nesanta su. Abincin tsohon na musamman kuwa kullum shi kaɗai zai ci, a bayan ƙyaure, har ya gama.

A riƙa fitar da ɗaya na ɗan lokaci tun da wuri, minti kaɗan sannan a ƙara, don kada shaƙuwar ta kai inda ba a iya kai ɗaya wurin likita sai ɗayan ya fasa shinge. Wanda ke da hali ya riƙe uku maimakon biyu, ya rage wa kansa wannan da kuma komawa gidan jiya ranar da aka rasa ɗaya. In ranar ta zo, a bar mai rai ya tsaya a kan gawar, ya shinshina har ya juya da kansa. Masu kula da jakuna sun daɗe suna ba da wannan shawara, dawaki ma tana yi musu amfani.

Bayan mako biyu da haɗa su, ka auna ƙirjin tsohon da igiya ka riƙe tsawon, ka sake aunawa duk mako, don ido na yaudarar wanda ke ganin dabba kullum. Ka kuma fita da sassafe kafin a goge masa jiki, ka duba haƙarƙarinsa da cinyarsa. In ka ga ƙasa da ɓurɓushin ciyawa sun manne a gefe ɗaya, ya kwanta a daren.